Gudan Jini a Huhu Bayan Zura Bututu a Zuciya: Abin da Ya Shafi Ƙasar Haɗeja

Bahaushe yana da suna ga mutuwar da kan zo ba tare da jinya ba, watau mutuwar fuju'a. Mutum yana zaune ana hira da shi, ya miƙe zai kewaya, sai ya dafe ƙirji ya faɗi, kafin a nemo mota rai ya yi halinsa. Idan aka tambayi dangi sai su ce kwana ne ya ƙare. Wannan gaskiya ne, amma kwana ba ya ƙarewa sai da sanadi, kuma ɗaya daga cikin sanadin irin wannan mutuwa shi ne gudan jini da kan taso daga wani sashe na jiki ya je ya toshe hanyoyin jini na huhu. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda hakan kan faru ga mutumin da aka zura wa bututu a zuciya domin bincike ko magani, da kuma dalilin da ya sa maganar ta shafi mutumin Haɗeja da Auyo da Guri da Kiri Kasamma, ko da yake shi aikin ba a ƙofar gidansa ake yin sa ba.

Tun da farko akwai matsalar kalma. A Hausa, jijiya suna ne ɗaya da ya rufe abubuwa da yawa: akwai jijiyar agara, akwai wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, akwai kuma ta jini, wadda tsofaffi kan ce wa majinaciya. Ita ma ta jinin iri biyu ce, kuma duk bayanin da ke tafe ya rataya ne a kan bambancinsu. Saboda haka za a kira wadda ke ɗauko jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi da sunan jijiya mai kai, ita ce wadda ake jin tana harbawa a wuyan hannu. Wadda ke mayar da jini zuciya kuwa za a kira ta jijiya mai komo. Shi kuma siririn bututun roba da likitoci ke zurawa, wanda ma'aikatan asibiti ke ce wa kateta, za a kira shi bututu kurum.

Hanyar da jini ke bi

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu. Jinin da ya gama kewaya jiki yakan komo ta jijiyoyi masu komo ya shiga ɓangaren dama, shi kuma ya tura shi huhu ya sha iska, daga nan ya sauko ɓangaren hagu, wanda ke harba shi ko'ina a jiki. A jikin baligi da ke hutawa, zuciya na tura kimanin lita 5 na jini a kowane minti, kuma duk wannan jinin tilas sai ya ratsa huhu, ba shi da wata hanya. Wanda ya fara bayyana wannan ratsawa a rubuce shi ne Ibn al-Nafis, likitan nan na Alƙahira da ya rasu a 1288, ƙarnoni kafin William Harvey na Ingila ya fitar da littafinsa a kan kewayar jini a 1628.

Wanda ya san Kogin Haɗeja ba zai sha wuyar gane sauran ba. Daga sama, ƙoramu ne ke zuba cikin rafuka, Kogin Kano da Kogin Calawa su haɗu su zama babban kogi ɗaya, kullum hanya tana ƙara faɗi. Itacen da ruwa ya ɗauko daga can ba abin da zai tare shi. Amma da kogin ya iso fadamun ƙasar Haɗeja sai ya shiga rarrabuwa, wani reshe ya bi ta Kafin Hausa, wani ya zama Marma ya nufi Nguru, wani ya zama Burum Gana, kowane kuma yana sake tsagewa har ya zama 'yan hanyoyin da kwale-kwale ma ba ya iya bi. A nan ne itacen zai maƙale. To, haka jijiyoyi masu komo suke, suna ƙara faɗi daga ƙafa zuwa zuciya, haka kuma jijiyar huhu take, tana rarrabuwa tana ƙara ƙunci. Gudan jinin da ya ɓalle daga cinya zai ratsa zuciya salin-alin, sai a huhu zai sami inda zai tsaya.

Idan gudan ƙarami ne, yakan toshe wani ɗan reshe can gefe, mai shi ya ji sukar haƙarƙari, ko ma ya wuce bai san an yi ba. Idan babba ne yakan hau daidai inda babbar jijiyar ta rabu biyu, kamar sirdi a bayan doki. A nan ɓangaren dama na zuciya, wanda bangonsa ba shi da kauri domin bai saba da tura jini da ƙarfi ba, sai ya tarar da ƙofa a rufe. Ya kumbura, ya gaza, jini ya daina isa ɓangaren hagu, mutum ya some. Wannan na iya ƙarewa cikin mintoci.

Yadda bututu ya kai zuciya

A 1929 wani matashin likita a garin Eberswalde na ƙasar Jamus, Werner Forssmann, ya tsaga jijiya mai komo a gwiwar hannunsa, ya zura bututun da ake amfani da shi wajen aikin mafitsara har kimanin santimita 65, sa'an nan ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto ya tabbatar bakin bututun yana cikin zuciyarsa. Manyansa ba su yaba masa ba, hasali ma sun ɗauke shi mai wasa da rai. Sai a shekarun 1940 André Cournand da Dickinson Richards suka ɗauki dabarar a asibitin Bellevue da ke New York suka mai da ita hanyar auna aikin zuciya da huhu, kuma su ukun aka haɗa aka ba lambar Nobel a 1956. A 1953 Sven-Ivar Seldinger na ƙasar Suwidin ya kawar da buƙatar tsaga fata: a soka allura, a zura siririyar waya ta cikinta, a zare allurar, a bi wayar da bututu. Mason Sones ya ɗauki hoton jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya a Cleveland a 1958. Swan da Ganz suka fito da bututu mai 'yar balan-balan a baki a 1970, wanda jini ke ja har cikin jijiyar huhu. A 1977 kuma Andreas Grüntzig ya buɗe toshasshiyar jijiyar zuciya da balan-balan a Zurich, ba tare da an fede ƙirji ba.

Bututun da ake amfani da shi yau kaurinsa kimanin milimita 2 ne, tsawonsa kuwa wajen mita guda. Ana shigar da shi ta gindin cinya, ko wuyan hannu, ko wuya. Ya kamata mai karatu ya riƙe cewa aikin ba mai yawan haɗari ba ne. Cikin mutum ɗari da aka yi wa domin bincike, waɗanda kan gamu da babbar matsala ba su kai biyu ba, masu mutuwa kuwa ba su wuce wajen ɗaya cikin dubu ba. Toshewar huhu tana cikin matsalolin da ba safai ake gani ba. Abin da ya sa ta cancanci a yi magana a kanta shi ne, sau da yawa ba a kan gadon aikin take zuwa ba, sai bayan an ce an gama lafiya.

Inda gudan ke fitowa

Rudolf Virchow, masanin cututtuka na Jamus, shi ya nuna a tsakiyar ƙarni na 19 cewa gudan da ake tararwa a huhun mamaci yawanci ba a nan ya haɗu ba, tasowa ya yi daga ƙafa. Daga baya aka jingina masa sharuɗɗa uku na daskarewar jini a cikin jijiya: jini ya rage gudu, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko shi jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Na farkon ma masunta sun san shi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 yanayin saukar ruwa ya sauya, ciyawar kacala ta mamaye hanyoyi, kuma duk inda ruwa ya rage gudu nan laka ke kwantawa.

Aikin bututu yana iya haɗa sharuɗɗan nan uku a wuri guda, musamman idan ta cinya aka bi. A gindin cinya, jijiya mai kai da mai komo suna kwance ne kafaɗa da kafaɗa. Idan ɓangaren dama ake son dubawa, ko ana gyaran bugun zuciya da ya rikice, mai komon ce ake sokewa, wani lokaci har a zura bututu biyu ko uku a cikinta na tsawon sa'o'i. Rauni ke nan ga bango, kuma jini na iya daskarewa a jikin robar kanta. Idan kuma mai kai aka soke, to bayan an zare bututu tilas a danne wurin da ƙarfi na kimanin minti goma zuwa ashirin domin kada jini ya ɓalle, wannan dannewa kuwa ba ta bambanta maƙwabta, tana matse mai komon ma. Sa'an nan a ce wa majinyaci ya kwanta rigingine kada ya tanƙwara ƙafar har sa'a huɗu zuwa shida. A da ma har buhun yashi akan ɗora masa ya kwana da shi. Idan jini ya taru a ƙarƙashin fata ya yi ƙullutu, shi ma yana iya ci gaba da danne jijiyar kwana da kwanaki. Daɗa a kan wannan, an hana mutum ci da sha kafin aiki, ga shi da ma zuciyarsa ba ta da ƙarfin tura jini, wanda shi ne ya kai shi asibitin.

Akwai wasu hanyoyin da ba su kai wannan yawa ba. Bututu na iya tunkuɗe gudan da da ma yake liƙe a ɓangaren dama. Balan-balan ɗin bututun Swan da Ganz, idan aka bar ta a hure ko bakin bututun ya cusa cikin ƙaramin reshe ya daɗe, tana iya kashe wani yanki na huhu. Iska ma, ta shaƙa ake nufi ba ta bori ba, idan ta kutsa ta bututu tana iya toshe hanya. Gudan da ya haɗu a ɓangaren hagu kuwa ba huhu yake nufa ba, ƙwaƙwalwa ko ƙafa yake tafiya, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Wannan wata magana ce dabam.

Likitoci ba su zauna sun zuba ido ba. Ana wanke bututu da ruwan gishiri mai maganin hana daskarewa, ana zare shi da zarar an gama, ana kuma tayar da majinyaci ya taka da wuri. Babban sauyi shi ne komawa ga wuyan hannu, hanyar da Lucien Campeau ya bayyana a Montreal a 1989, domin wanda aka bi ta hannunsa yana iya tashi zaune nan take.

Alamomi

Ƙafa ɗaya, galibi wadda aka soka, ta kumbura ta fi 'yar'uwarta, ta yi ɗumi da nauyi, sha-raɓa ko cinya tana ciwo. Wannan gudan yana nan bai tashi ba tukuna. Idan ya tashi, sai numfashi ya riƙa yankewa ba gaira ba dalili, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, a ji suka a haƙarƙari duk lokacin da aka ja numfashi, wani ya yi tari da jini, wani ya ji jiri ko ya some, sau da yawa daidai lokacin da ya fara miƙewa bayan doguwar kwanciya ko yana yunƙuri a bayan gida. Matsalar ita ce babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta keɓanta da wannan ciwo. Tari da jini, kowa tarin fuka zai fara kawowa a ransa. Sukar haƙarƙari a ce sanyi ne. Shi kansa likita, ganin an taɓa zuciya kwanan nan, hankalinsa zai fi karkata ga toshewar jijiyar zuciyar. Ga kuma wanda zai ce jifa ne, a tafi neman karya sammu, lokaci yana wucewa.

Abin da ya shafi ƙasar Haɗeja

Wuraren da ake wannan aiki a Nijeriya ba su da yawa, kuma sun taru ne a manyan birane irin su Legas da Ibadan da Abuja. Mutumin Birniwa ko Kaugama da zuciya ta dama yakan fara ne da babban asibitin Haɗeja, a tura shi Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, daga nan, in da hali, a nemi inda ake da kayan aikin, wani har Masar ko Indiya. Ma'anar wannan ita ce, kwana ɗaya ko biyu bayan an soki cinyarsa zai shiga jirgi ko mota ya zauna sa'o'i masu yawa da gwiwa a tanƙware. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 ya nuna cewa zaman tafiya na fiye da sa'a huɗu yana ninka haɗarin gudan jini kusan sau biyu, ko a jirgi ne ko a mota, ko da yake ga mai lafiya haɗarin ƙarami ne, wajen mutum ɗaya cikin 6,000. Wanda aka yi wa aiki jiya ba ya cikin lissafin masu lafiya. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Kano zuwa Haɗeja a watan Afrilu, mutum huɗu a kujerar baya, zafi ya haura digiri 40, kowa yana ƙin shan ruwa don gudun tsayar da direba, ya san yadda ƙafa ke yin tsami kafin a isa.

Da ya iso gida kuma sai ƙauna ta ƙarasa abin da hanya ta fara. A al'adar Bahaushe, majinyacin da ya dawo daga babban asibiti ba a barinsa ya ɗaga ko tsinke. A shimfiɗa masa katifa, a kawo masa buta da abinci har inda yake, masu sannu suna shiga suna fita, shi kuwa yana kwance mako guda. Niyyar mai kyau ce, amma tsokar sha-raɓa ita ce ke matso jini sama idan ana tafiya, wanda bai taka ba jininsa kwantawa yake yi. Idan ƙafar ta kumbura, abin da aka fi saurin yi shi ne a kira mai tausa, ko wanzami ya yi ƙaho ya cire mataccen jini. Wannan shi ne mafi munin abin da za a yi wa irin wannan ƙafa: gudan yana can cikin jijiya mai zurfi inda ƙaho ba ya kaiwa, murzawa kuwa ana tsoron ta ɓalle shi. Idan damina ce ta yi ƙarfi, kamar ambaliyar 2020 da ta 2022 da suka yanke hanyoyi a yankin, fita da majinyaci daga ƙauyen fadama zuwa gari ma aiki ne.

Akwai kuma cututtukan da suka yi yawa a wannan ƙasa da ke ƙara wa lamarin nauyi. Na farko shi ne ciwon zuciyar masu jego. A 1978 Davidson da Parry suka buga bincikensu a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a Zariya, suka danganta abin da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta da yawan shan kunun kanwa. Binciken da Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka yi a Kano daga baya ya ja hankali ga ƙarancin sinadarin seleniyam a jikin irin waɗannan mata. Ko mene ne asalin, mai jego jininta yana saurin daskarewa a makonni shida na farko, idan kuma zuciyarta ta buɗe ta yi laushi, gudan jini na iya haɗuwa a cikin zuciyar kanta. Mai amosanin jini, watau sikila, shi ma jininsa haka yake.

Na biyu ya fi kusa da kogi. Tsutsar tsargiya, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, tana rayuwa ne tsakanin mutum da ƙaramin dodon koɗi na ruwa mai kwanciya, kuma masunta da manoman shinkafa da yaran da ke wanka a fadama su ne abincinta. Kowa ya san ta da fitsarin jini. Abin da ba a cika sani ba shi ne ƙwayayenta ma suna bin jijiya mai komo su je huhu su maƙale, kamar dai gudan jini, sai dai su a hankali suke aikinsu, shekara da shekaru. Wannan ya fi faruwa da irin tsutsar da ke zama a jijiyoyin hanji, idan ta riga ta ɓata hanta ta kumbura saifa. Ƙarshensa ƙananan jijiyoyin huhu su ƙuntata, jini ya hau a cikinsu, ɓangaren dama ya gaji. Hanyar tabbatar da wannan hawan jini na huhu kuwa ita ce zura bututu ta ɓangaren dama. Ke nan ɗan fadama na iya zama cikin masu buƙatar aikin, kuma shi ne wanda ƙaramin gudan jini zai fi yi wa illa, tun da hanyoyin huhunsa da ma a ƙuntace suke.

Bincike da magani

Idan an kai majinyaci asibiti, akan auna yawan iskar da ke cikin jininsa da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, a ɗauki zanen bugun zuciya, a duba jijiyoyin ƙafa da zuciya da na'urar hoto mai aiki da sauti, irin wadda ake duba masu ciki da ita. Tabbaci yana samuwa ne da hoton sitisikan na jijiyoyin huhu. Inda babu wannan, kuma alamu suka yi ƙarfi, likita yakan fara magani kafin hoto, domin jira ya fi haɗari.

Maganin farko shi ne hefarin, wanda aka gano a 1916 aka kuma fara yi wa mutane allurarsa a shekarun 1930. Ba ya narkar da gudan, hana shi girma yake yi ya ba jiki dama ya cinye shi. Amfaninsa ya fito fili a gwajin da Barritt da Jordan suka buga daga Bristol a 1960: cikin mutum 19 da ba a ba maganin ba, 5 sun mutu da toshewar huhu, cikin 16 da aka ba kuwa babu wanda ta kashe. Bayan allura sai ƙwaya, ko dai warfarin, wanda aka fara sayarwa a matsayin maganin ɓera a 1948 kafin a amince da shi ga mutane a 1954, ko sababbi irin su rivaroxaban da apixaban, waɗanda ba sa buƙatar yawan gwajin jini amma sun fi tsada. Ana sha aƙalla wata uku. Idan gudan babba ne har jini ya faɗi, akwai allurar da ke narkar da shi, sai dai ga wanda aka huda wa jijiya mai kai jiya, wannan allura na iya ɓalle jini a wurin hudar. A irin wannan hali wasu asibitoci kan sake zura wani bututun har huhu su tsotse gudan ko su farfasa shi.

Wanda aka sa wa ƙarfen buɗe jijiyar zuciya ana ba shi asfirin da wata ƙwaya ta biyu, kuma mutane kan ɗauka waɗannan sun tsare su daga kowane irin gudan jini. Ba haka ba ne, aikinsu ya fi ƙarfi a jijiya mai kai. Idan aka ƙara masa maganin hana daskarewa a kansu, haɗarin zubar jini yana ƙaruwa, don haka likita ne kaɗai ke da hurumin ragewa ko ƙarawa. Mai shan warfarin sai ya riƙa zuwa gwajin jini, kada ya yi ƙaho ko tsaga ko cire haƙori ba da sanin likita ba, kada kuma ya haɗa da jiƙo ko ƙwayoyin ciwon jiki na kemis. Ganyaye irin su alayyafo da kabeji suna rage masa ƙarfi. Ba a ce a daina ci ba, a dai riƙa ci daidai wa daida, ba yau tuli gobe babu ba. Mai ciki ba ta shan sa domin yana cutar da ɗan tayi, allurar hefarin ake yi mata, amma mai shayarwa tana iya sha.

Kafin a bar asibitin da aka yi aikin, ya kamata majinyaci ko mai jinyarsa su karɓi takardar da ta faɗi irin aikin da aka yi, da jijiyar da aka bi, da magungunan da aka ba shi, su kuma tambayi ranar da ya halatta ya yi doguwar tafiya. A hanya a riƙa tsayawa bayan kowace sa'a ɗaya ko biyu ya sauka ya taka, ya sha ruwa in ba a ƙayyade masa ba. Takardar nan kuwa kada a kulle ta a adaka, domin ma'aikacin da zai karɓe shi da tsakar dare a Haɗeja bai ga aikin da aka yi a Abuja ko Alƙahira ba, da ita zai san cewa wannan mai haki an soki cinyarsa kwana biyar da suka wuce.